Shayin bayan tuwo da ƙarancin jinina

Duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san ba a raba mu da shayi. Nawa kam ya wuce misali: kofi guda da safe, kofi guda bayan tuwon dare, baƙi wuluk mai bauri, wani lokaci har da rana ina kan keken ɗinki. To a bara, wajen watan Janairu, sai na fara haki idan na hau ɗan tudun bayan gidanmu a Gangare. Ga jiri, ga kasala, ga kwaɗayin tauna ƙanƙara a cikin wannan sanyin, abin da ni kaina ya ɗaure mini kai.

A asibiti aka ɗebi jinina. Himoglobin ɗina, wato sinadarin jini da ake aunawa a gane ƙarancinsa, 9 ne, alhali macen da ba ta da ciki bai kamata ta sauka ƙasa da 12 ba. Babu maleriya, babu tsutsar ciki. Likitar ta ce jinin al'adata ne ke zuba da yawa, abincina kuma ba ya mayar da sinadarin ƙarfe, wato ayon, da nake asara. Ta rubuta mini ƙwayoyi, sannan ta ce, "Malama, kina shan shayi a kan abinci?" Na yi dariya, na ɗauka hira ce.

Da na dawo gida Gwaggo ta karɓe zancen. "Ke 'yar nan, wace ƙwaya kuma? Samu lemon malt ki juye madarar gwangwani, kwana bakwai jininki ya dawo." Na bi maganarta sati biyu. Daɗi dai akwai, amma sukari ne kawai nake ɗura wa kaina. Madarar shanu ayon ɗinta kaɗan ne ƙwarai, kalsiyam ɗin da ke cikinta ma rage shigarsa jiki yake yi.

Sai da na koma na zauna da likitar sosai na gane inda gizo ke saƙar. Cin abu daban, jiki ya karɓe shi daban. Ruwan tsamin ciki ne ke narkar da ayon, sai farkon ƙaramin hanji ya tsotse shi, a kai shi ɓargo inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar oksijin. Na cikin nama, hanta da kifi yana shiga da sauƙi. Na cikin wake, zogale da alayyafo kuwa mai wuyar sha'ani ne, kaɗan ke wucewa, kuma abin da aka haɗa shi da shi ne ke yanke hukunci. Wannan baurin na shayi, tanin sunansa, yana kama ayon ɗin tun a hanji ya ɗaure shi, su fita tare. Bitamin C kuma akasin haka yake yi, yana mayar da shi yadda hanji zai iya sha. Ashe shekara da shekaru ina cin faten wake, ina bin sa da abin da zai hana shi amfani.

Gyaran bai ci kuɗi ba, don kayan lambu a kasuwar Farin Gada ba su da tsada kamar a wasu garuruwan. Gwaten acha na ƙara masa ganye, ina sa shi daga ƙarshe, tunda dogon dahuwa na kashe bitamin C. Kwaɗon zogale da ɗanyen tumatir da matsin lemon tsami. Gwaiba ko lemon zaƙi bayan wake. Hanta sau ɗaya a mako idan aljihu ya yarda. Shayi ban daina ba, wa zai iya a garin nan? Na dai matsar da shi awa ɗaya ko biyu bayan abinci.

Ƙwayoyin sun ɗan wahalar da ni. Bayan gida ya yi baƙi, ya yi tauri, har na tsorata kafin a ce mini haka suke yi. Na kuma so in ajiye su da hakin ya tafi, likitar ta hana, ta ce sai an cika rumbun ayon da ke hantata, ba jinin da ke yawo kawai ba.

Bayan wata uku aka sake gwaji, ya kai 12. Na kai wa Gwaggo takardar, ta juya ta sama da ƙasa ta ce, "Ai na gaya miki, malt ɗin nan ba ya ƙarya."