Rantsuwar Rashin Hali a Kotun Amurka

Dala 405 ake biya kafin a shigar da ƙara a kotun tarayya ta Amurka. Lokacin da kamfanin da nake wa aikin kula da tsofaffi a unguwar Bronx ta birnin New York ya sallame ni saboda hijabina, ba ni da wannan kuɗin, ga haya na jirana. Wata lauya mai aikin taimako ta nuna min fom mai lamba AO 239, wanda marar hali ke cikewa don a yafe masa kuɗin kotu.

Fom ɗin ba ya barin komai. Yana tambayar abin da ya shigo hannunki cikin wata 12 da suka wuce, har da kyauta, da albashin maigida, da mota, da abin da ke banki, da bashin da kike bin wasu. A ƙarshe ki sa hannu cewa kin rantse. Wasu 'yan uwa suka ce min, "Hajiya, sa sifili kawai, wa zai bincika?" Ana bincikawa kuwa. Sashe na 1915 na dokar kotunan tarayya ya ce duk lokacin da alƙali ya gano iƙirarin talaucin ƙarya ne, dole ya kori ƙarar, ko da shari'a ta yi nisa. Rantsuwar ƙarya kuma laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 5.

Ni ce uwar adashen matan masallacinmu, don haka kuɗin mutane kan kwana a asusuna kafin mai ɗauka ta ɗauka. Na rubuta wannan dalla-dalla a gurbin ƙarin bayani. Da lauyan kamfanin ya sami takardun bankina ya ga kuɗi na shiga, sai ya rubuta wa alƙali cewa na yi rantsuwa kan ƙarya, a kori ƙarata. Ya bar zancen korar da aka yi min, ya koma tonon asusuna. Zargin ya yi min ciwo ƙwarai, domin an taɓa amanar da mata suka damƙa min. Littafin adashen muka kai, kowane zubi da kwanan watansa, kowane kwasa da shaidar banki. Alƙali ya yi watsi da buƙatarsu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu ɓoye ɗan abin hannunsu ba su ma da bukatar yin haka. Tun 1948, a wata shari'a da ake kira Adkins, Kotun Ƙoli ta ce ba sai mutum ya tsiyace ƙarƙaf ba; ya isa a ce biyan kuɗin zai hana shi ciyar da kansa da iyalinsa. Yanzu duk wadda ta zo in taya ta cike fom ɗin, sai ta kawo takardun banki na shekara guda da rasit ɗin kuɗin da take aika wa gida kafin mu ɗauki biro.