Shaddar Alhaji da kalmar "tukuna"

Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, bara, na ɓata wa wani Alhaji shadda yadi goma. Awon wani na ɗauka na yanka masa. Na tsaya da almakashi a hannu ina kallon ɓarnar, amma ko gezau. Da can, in na karkace ɗinkin aljihu kaɗai sai abinci ya gagare ni. Shekara goma sha bakwai ina kan keke, ranar nan ji na yi ko shagon ya kama da wuta ba ruwana.

Duk tela ya san gajiyar azumi: daga tarawihi sai keke, har a yi kiran sahur. Wannan ana yin Sallah take wucewa. Tawa ta ƙi wucewa. Har bayan babbar Sallah in na ji sallamar kwastoma raina ɓaci yake yi, kamar bashi ya zo karɓa.

Ƙanwata da ke karantar halayyar ɗan Adam a jami'a ce ta zaunar da ni. Ta ce, "Yaya, abin nan yana da suna, a Turance burnout ake ce masa, wato aiki ya ƙarar da mutum." Wani masani, Herbert Freudenberger, ya bayyana shi a 1974 bayan ya ga masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York suna ƙarewa kamar kyandir. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsin aiki ne da aka daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma kawo alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, aikin ya daina kyau. Na ƙirga da yatsu, duka ukun ina da su.

Ita ce kuma ta ba ni labarin Carol Dweck ta Jami'ar Stanford a Amurka, wadda ta yi bincike kan amfanin mutum ya yarda cewa iyawa abu ne mai ƙaruwa. A bincikenta, yaran da aka yaba wa da "kai gwani ne" sun riƙa gudun aiki mai wuya don kada sunan ya zube, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa suka riƙa neman mai wuyar. Shawararta ita ce in ka ce ba ka iya ba, ka ƙara da "tukuna".

To ni sai na fahimce ta a baibai. Na ce ashe ragwanci ne ke damuna, ban kai jurewa ba tukuna. Na ƙara karɓar ɗinki. Wata biyu na kwanta ciwon baya.

Da na tashi ne ƙanwar tawa ta ce ita kanta Dweck ta yi gargaɗi a 2015 cewa ƙoƙari zalla ba shi ne zancen ba. In hanya ba ta ɓulle ba, a canza dabara, a nemi taimako. Maganar ta zauna mini. Ni fa yaron nan ne da aka yaba wa da "kai gwani ne". Tun ina gaban maigidana ake cewa hannuna daban ne, shi ya sa yarana uku a shago amma babu wanda na taɓa bari ya yanka yadi. Maɓalli da guga kawai, sai aike. Ga kunyar cewa a'a: mutum ya zo da leda ranar 27 ga azumi ya ce "Malam, ai kai namu ne", sai in karɓa ina murmushi, ciki na ciwo.

Waɗannan biyun, sakar wa yara aiki da cewa a'a, su ne ban iya ba tukuna, kuma sun fi aikin wuyan riga wahalar koyo.

Bana na rufe littafin karɓar ɗinki ranar 12 ga azumi. Mutum biyu sun yi fushi, ɗaya har yau ba ya amsa gaisuwata sosai. Babban yarona na sa ya fara yanka a kan yadi mai araha. Ya ɓata biyu, na haɗiye faɗan da ya zo mini wuya, na nuna masa inda allin ya kauce. Na ukun ya fita tsaf.

Har yanzu akwai ranar da nake buɗe shago ba na so. Amma daren Sallah ƙarfe goma sha ɗaya na kulle, na tarar uwargida na yi wa ƙaramar ’yata lalle. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Baba, yau ba wuta ne a shago?"