Addu'ar gida da Zabura 23: yadda ake yi da inda ake kuskure

Da wuya a sami Kirista a Tawa da bai san farkon Zabura 23 ba: "Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba." Ana karanta ta a jana'iza, ana karanta ta a gefen gadon maras lafiya, yaran makarantar Lahadi suna rera ta da ka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yin addu'a da ita a cikin gida, a ranar da babu mutuwa babu ciwo. Aya shida ce kacal, amma ta isa ta riƙe addu'ar iyali ta kowane dare.

Dawuda ya yi kiwo tun yana yaro. A 1 Sama'ila 17:34-35 ya faɗa wa sarki Saul yadda yake ƙwato ɗan rago daga bakin zaki. Mutumin Adar ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya ga garke a watan huɗu da na biyar, ƙasa fayau, tabki ya ƙafe, ya san ɗanyar ciyawa ba a ko'ina take ba. Makiyayi ne ya san kwarin da ya rage da ɗan abin ci da rijiyar da ba a cika layi ba. Tunkiya kuma ba ta kwanciya ta yi tuƙa sai cikinta ya cika, hankalinta ya kwanta. Aya ta biyu kenan, inda ya ce makiyayin yana kwantar da shi a ɗanyar ciyawa, yana kai shi bakin ruwa mai kwanciya. Ba tunkiyar ce ta zana hanya ba, bi take yi. Shi ya sa wanda yake addu'a da wannan zabura ba umarni yake ba Allah ba.

A tsayar da lokaci ɗaya, kada a riƙa canjawa. Bayan tuwon dare ya fi dacewa da yawancin gidaje, kafin barci ya ɗauki ƙananan yara. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa. A kashe talabijin, a ajiye salula, sai dai wadda za a haska littafi da ita in an ɗauke wuta. Mutum ɗaya ya karanta zaburar gaba ɗaya a hankali, wani ya maimaita. A riƙa juya karatun tsakanin maigida, uwargida da yaran da suka iya. In akwai tsohuwar da ba ta karatu, a ba ta aya ta farko ta faɗa da ka, kada ta zama ƴar kallo.

Daga nan sai a bi zaburar kamar yadda take tafiya. Aya ta 1 zuwa ta 3 Dawuda yana ba da labarin abin da Allah ya yi masa, don haka nan ne wurin godiya. Kowa ya ambaci abu ɗaya na ranar, da sunansa. "Mun gode da kome da kome" ba ya koya wa yaro kome. A ce hatsin da aka auno, zazzaɓin da ya sauka, kuɗin lakwal da aka biya. A aya ta 4, da ya shiga kwari mai duhu, Dawuda ya daina magana a kan Allah ya koma magana da shi kai tsaye, yana cewa kana tare da ni. A nan ake kawo roƙo da abin da ake tsoro, ba tare da kwana-kwana ba: bashi, rashin aiki, ɗan da ya tafi cin rani Aljeriya ko Libiya aka daina jin duriyarsa. Filibiyawa 4:6 ta haɗa roƙo da godiya a wuri ɗaya, 1 Bitrus 5:7 kuma ta ce a ɗora masa dukan damuwa domin yana kula. Aya ta 5 da ta 6 su ne rufewa, a faɗe su tare da murya ɗaya.

Domin kada addu'ar ta tsaya a kan ƴan gida kaɗai, Ezekiyel 34:16 ta ba da tsari mai sauƙi. Allah ya ce zai nemi wadda ta ɓace, ya komo da wadda ta bauɗe, ya ɗaure wadda ta karye, ya ƙarfafa marar ƙarfi. Mutum huɗu kenan kowane dare, ɗaya daga kowane kashi. Amma a kiyaye baki. Sau da yawa "mu yi wa wance addu'a" yakan rikiɗe ya zama gulma, yara kuma su kwashe su kai waje. A ambaci suna da buƙata a taƙaice, sirrin mutum a bar wa Allah.

A sami ƙaramin littafin rubutu, a raba shafi gida uku: kwanan wata, abin da aka roƙa, abin da ya faru. A ƙarshen wata a karanta shi tare. Mutum mai mantuwa ne. Abin da ya yi wata uku yana kuka a kai, ranar da ya samu sai ya ce ai dama zai zo.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da zaburar laya. Wani ya buɗe Littafi Mai Tsarki a shafinta ya sa ƙarƙashin matashi, wani ya karanta ta sau bakwai a kan ruwa ya sha, wani ya rataye ta a mota yana ganin takardar ce ke tsaro. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce aka sa wa sabuwar riga. Yesu ya ja kunne a Matiyu 6:7-8 kan maimaita kalmomi da zaton yawansu ne zai sa a ji, ya ce Uban ya san buƙata tun kafin a roƙa. Haka ɗaga murya har maƙwabta su kasa barci ba ya ƙara wa addu'a nauyi, sai dai ya ɓata zaman unguwa.

Aya ta 5 ma tana shan wahala a hannunmu. Da an karanta maganar shirya abinci a gaban maƙiya, sai wani ya fara jero dangin miji da abokan kasuwa yana roƙon su ga ta kansu. Ayar ba ta ce Allah ya hallaka kowa ba. Ta ce ya ciyar da nasa ko da maƙiyi yana kallo. Markus 11:25 kuwa ta sa sharaɗi: in ka tsaya yin addu'a, ka yafe.

Sai maganar "ba zan rasa kome ba", wadda wasu ke wa'azinta kamar takardar shaidar samun mota da gidan siminti. Mai wannan zabura ya yi gudun hijira daga Saul, ya kwana a kogo, daga baya ya gudu daga ɗansa Absalom. Abin da ba zai rasa ba shi ne abin da makiyayin ya ga yana buƙata. Makiyaya sun san cewa dabbar da ta rame a bazara, in aka sake ta ta cika ciki da sabuwar ciyawar farkon damina, zawo zai kama ta, wata ma ba ta tashi. Saboda haka ake tsare ta, a ba ta kaɗan-kaɗan tare da busasshiyar ciyawa. Tana ganin kore a gabanta, sanda kuma tana hana ta. A ganina wannan ya fi kowane dogon wa'azi bayyana amsar nan ta "ba yanzu ba".

In amsa ta yi jinkiri, akwai abin dubawa. Yakubu 4:3 ta yi maganar roƙo da mugun nufi, Zabura 66:18 ta ambaci zunubin da ake ɓoyewa a zuci, 1 Bitrus 3:7 kuma ta gargaɗi mazan da ba sa girmama matansu cewa addu'arsu na iya tsayawa. Wannan ta ƙarshe maza ba su cika son jin ta ba. Amma kada a ɗora wa duk mai shan wahala laifi. A Yohanna 9:3, game da wani mutum da aka haifa makaho, Yesu ya ce makantarsa ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka amsa masa da cewa alheri ya ishe shi, kamar yadda yake a 2 Korintiyawa 12:8-9. An ji shi sarai, amsar ce ba wadda ya so ba.

A yi hankali kuma da wanda yake sa wa addu'a farashi, wai a kawo jaka biyar ko rago kafin ya roƙa. Yohanna 10:12-13 ta kira irinsa ɗan ƙodago, mai gudu in kyarkeci ya shigo garke. Fasto da dattawan ikilisiya suna yi wa mutum addu'a kyauta, Yakubu 5:14 ma ta ce maras lafiya ya kira su.

In za a kai zaburar gefen gadon maras lafiya, a gajarta. A nemi izininsa, a zauna daidai da shi maimakon a tsaya a kansa, a karanta sau ɗaya, a yi addu'ar minti biyu ko uku, a tashi. In ɗakin asibiti ne mai gadaje da yawa, a sassauta murya saboda sauran majinyata. Kada a ce wa kowa ya bar magani don ya nuna bangaskiya. Asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 a nan jihar Tawa, tun farkonsa addu'a da magani tare suke tafiya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa a kan lokaci, mai zazzaɓin cizon sauro ya ƙarasa kwana ukun maganinsa ko da ya ji sauƙi a rana ta biyu.