Watanni goma sha biyu a rubuce: neman gidan haya a Agadir

Da na zo hutu Garwa a bana, muna zaune a zauren Baffana a unguwar Hausare bayan sallar isha'i, sai ƙanina da ke shirin tafiya karatu Maroko ya ce mini, "Yaya, nawa ne kuɗin haya a Agadir?" Na ce masa akwai tambayar da ta riga wannan, wadda rashin yin ta ya sa na kwana goma sha ɗaya a falon wani bawan Allah da jakunkunana a ɗaure. Tambayar ita ce ko watan Yuli da Agusta suna cikin hayar.

Aikin lissafin kuɗi ne ya kai ni, a wani kamfani mai fitar da kifi zuwa ƙasashen waje, domin Agadir tana da babbar tashar masunta ban da bakin tekun da aka san ta da shi. Na sauka a Kasablanka daga Duwala, na shiga jirgin ƙasa zuwa Marakesh inda layin dogo ya ƙare, sannan na ƙarasa da bas. Garin da na tarar sabon gini ne kusan gaba ɗayansa, saboda girgizar ƙasar da aka yi a daren 29 ga Fabrairu 1960 ta rushe tsohon birnin, ta hallaka dubban mutane, aka sake gina shi da faffaɗan tituna da benaye. Wanda ya ga yawan benayen zai ɗauka samun ɗaki abu ne mai sauƙi, kuma haka na ɗauka.

A makona na biyu wani dillali, wanda su suke kira simsar, ya kai ni wani gida mai ciki da falo, tafiyar minti goma zuwa teku, da gado da firji da tukwane har da cokula. Mai gidan ya karɓe ni da shayin na'ana'a, ya faɗi kuɗin da ya yi mini daɗin ji, muka yi musabaha, na biya. Ban nemi takarda ba. A Garwa na tashi ina ganin ana ba da haya da baki, a gaban shaidu biyu waɗanda gobe za ku haɗu da su a masallaci, kuma idan rigima ta taso akwai mai unguwa, akwai dattawan da suka san kakan kowa. Na manta cewa abin da ke riƙe irin wannan alkawari shi ne sanayya, ni kuwa a can babu wanda ya san sunan mahaifina.

Watan Oktoba ne na shiga. A tsakiyar Yuni mai gidan ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya gaishe ni da mutunci, ya ce in shirya kafin ƙarshen wata domin baƙin bazara sun kusa. Ya yi mamakin mamakina, don a wurinsa kowa ya san haka ake yi. Daga baya na fahimci lissafin: a Yuli da Agusta zafi yana koro mutanen Marakesh da sauran biranen cikin ƙasa zuwa bakin teku, 'yan Maroko mazauna Turai su ma suna dawowa hutu da iyalansu, sai gidan da ake biya da wata ya koma ana biyan sa da kwana, har abin da mako ɗaya ke kawowa ya iya kai hayar wata. A lokacin sanyi kuma tsofaffin Turawa masu cin fansho, musamman Faransawa, sukan zo su yi watanni suna gudun ƙanƙarar ƙasarsu. Saboda haka gida mai kaya a kusa da ruwa ba a gina shi domin mazaunin dindindin ba, ɗalibai da ma'aikata irina muna cike gurbi ne kawai daga Satumba zuwa Yuni. Araha ba ta ado, kuma arahar da na gani a Oktoba kuɗin watanni goma ce, ba ta shekara ba.

Korar ba ta dame ni kamar yadda maganar takardar zama ta dame ni ba. Baƙon da zai wuce kwana 90 a Maroko dole ya nemi katin zama a ofishin 'yan sanda, kuma cikin abin da ake nema akwai shaidar inda yake kwana. A karon farko na yi amfani da adireshin masaukin da kamfani ya ba ni, amma lokacin sabuntawa ya matso, ga shi ba ni da kwantiragin haya, ba ni da takardar lantarki ko ta ruwa mai ɗauke da sunana. A idon hukuma, watanni takwas ɗin da na yi a gidan nan kamar ban yi su ba.

Wani dattijo ɗan Nijar, mai sayar da kayan fata a kusa da kasuwar Suk al-Had, shi ne ya ba ni falonsa, shi ne kuma ya nuna mini hanya. Ya ce, "Ɗana, ka juya wa teku baya, ka nemi inda masu yi wa otel-otel aiki suke kwana, ka nemi gidan da babu ko tabarma a ciki." Na bar duba tallace-tallacen shafukan intanet na Avito da Facebook, waɗanda yawancinsu na masu hutu ne, na shiga unguwanni da ƙafa, Dakhla da Salam da Hay Mohammadi, har Inzigan da Dishera a kudancin gari, ina tambayar masu gadin benaye da masu kantin kan kwana, domin su ne ke sanin ƙofar da aka kwashe kaya. Ba zan ɓoye ba, an rufe mini ƙofofi. Wasu ba sa ba gwauro haya, wasu kuma ɗakin da aka ce mini a waya yana nan, da suka gan ni sai ya zama an riga an kama. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu ma yana yi, ko da yake a unguwannin nan ne kuma na sami mutanen da suka riƙe ni kamar nasu.

Gidan da na samu a Dishera na wata Hajiya ne, bene na biyu, babu komai a ciki sai famfo da ƙwan lantarki. A wannan karon na riga na yi tambaya. Dokar haya ta ƙasar, mai lamba 67-12, ta wajabta rubuta yarjejeniya, ta kuma hana kuɗin ajiya ya wuce hayar wata ɗaya, sannan ta hana ƙarin kuɗin gidan zama kafin shekara uku, ƙarin ma kada ya wuce kashi 8 cikin ɗari. Na roƙi ɗanta ya rubuta ranar shiga da ranar cikar shekara da lambobi, ya rubuta abin da mitar ruwa da ta wuta suka nuna, da wanda zai biya kuɗin share matakala. Muka tafi ofishin unguwa da suke kira muƙaɗa'a, muka sa hannu a gaban ma'aikaci, ya buga hatimi. Hajiya ta ga na riƙe takardar da hannu biyu, ta ce in zo cin kuskus ranar Juma'a, kuma tun daga lokacin ban cika rasa kwanonta ba.

Nisa da wurin aiki ya ƙaru, kullum sai na shiga tasin haɗaka safe da yamma, na kuma kashe kuɗi wajen sayen katifa da murhun gas da barguna, domin daren Janairu a can yana da sanyin da hunturun Garwa bai kai ba. A madadin haka na rabu da laimar bakin teku da ke sa bango da tufafi yin fumfuna, kayan miya sun fi araha a kasuwar Inzigan, kuma Agusta uku ke nan suna wucewa babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Baffa ya saurari duk wannan bai ce komai ba, sai da na gama ya tambaya ko Hajiyar tana da wani ɗakin. Na ce akwai ɗaya a saman bene wanda za a fita daga cikinsa a ƙarshen Agusta, kuma na riga na yi mata maganar ƙanina, da sharaɗin a rubuta masa tasa takardar da sunansa.