Lissafin ƙwaƙwalwa da kitson 'yar Hajiya

Lissafi na karanta a digirin farko, yau ga ni ina binciken farfaɗiya a wani asibitin koyarwa a Legas. Aikin masana kimiyya Hodgkin da Huxley na 1952 ne ya ja ni, su da suka zayyana da lissafi yadda ƙwayar jijiya ke sakin lantarki. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da irin waɗannan ƙwayoyi kusan biliyan 86. Idan wani gungu ya saki nasa lokaci guda babu kan gado, farfaɗiya ke nan. Nawa aikin shi ne koya wa kwamfuta gane alamar hakan a zanen EEG, na'urar da ake manna wayoyinta a fatar kai.

Manhajar da aka horar da bayanan asibitocin Amurka kuwa, da ta sauka nan sai ta rikice. Wutar lantarkinsu na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, janareta kuma ba ya tsayawa kan lamba ɗaya, duk hayaniyarsa na shiga zanen.

Ga kuma kitso. Wata uwa daga Agege ta kawo 'yarta da shuku sabo fil, wayoyi sun ƙi taɓa fata.

"Hajiya, sai dai a tsefe."

"Haba 'yar nan, jiya fa na biya kuɗinsa!"

Muka zauna tsifa ni da ita. Nan ta ba ni labarin ruƙiyya da hayaƙin da aka sha yi kafin su zo. Ba na musu da iyaye kan iska, roƙona kawai a haɗa da magani, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun samu kulawar da ta dace.

Abin takaici, wajen ƙarin girma a aikinmu takardun binciken da ka buga ake ƙirgawa, ba watannin tattara bayanai ba. Amma da bayanan 'yan Najeriya ne Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka gano, a 2023, wani sauyin ƙwayar gado ta GBA1 mai ƙara haɗarin cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ga 'yan asalin Afirka.

Ɗalibin da ya zo mini da ɗokin Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ɗakin EEG nake fara tura shi ya koyi manna waya.