A rufe layi tukuna, neman waya ya biyo baya

Na ajiye aiki a shagon maigidana ƙarshen watan jiya. Wannan rubutu na yi shi ne don yaran da ake zaunarwa a teburin gaba a kasuwar waya, domin su ne wanda aka yi wa ƙwacen waya yake fara tararwa.

Kun san yadda suke shigowa: mutum riƙe da kwali babu waya, an tare shi a adaidaita sahu ko a bakin lungu bayan magariba an nuna masa wuƙa. Buƙatarsa ɗaya, a yi masa tirakin, wato a bi sawun wayar a gano inda take. Nan kuwa maigidanmu yake cin abinci. Zai kwafi IMEI, lambar shaidar wayar nan mai lamba 15, daga jikin kwali, ya karɓi kuɗin aiki, sannan ya ja kunne kada a rufe layi, wai in an rufe ɓarawo ya ɓace. Alhali babu shagon da ke da ikon bin IMEI, sai 'yan sanda sun nema ta hannun kamfanin layi. Iyakar abin da muke yi shi ne shiga asusun Google ko iCloud na mai wayar mu duba taswira, shi ma galibi sai wayar tana kunne da data. Ɓarawo kuwa kafin ya sha kwana ya kashe ta ya zare layin.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zo da yamma, gefen mayafinta a yage inda aka fizge jaka. Na sassauta murya na ce, "Hajiya, ki fara sa banki su rufe asusunki." Ashe maigida ya ji. Ya ce, "Kai, wa ya sa da kai? Hajiya, rabu da yaron nan, bai san aiki ba." Ta bi maganar babba.

Washegari ta dawo da mijinta da takardar banki. An saka layinta a ƙaramar waya, an danna *565*0# lambar BVN ta fito, cikin dare aka yi ta sayen kati ana tura kuɗi, har bashi aka ci da sunanta a manhajar lamuni. Kuɗin sari ne, haɗe da adashin matan unguwarsu da ke hannunta. A gaban jama'a maigida ya nuna ni ya ce ni na cike takarda, ni ne ban gaya mata ta rufe layi ba. Hajiya ta dube ni ta sunkuyar da kai, mijinta ne ke magana. Kuɗin tirakin da aka mayar musu daga albashina aka yanke. Maƙwabtan shago sun ji abin da ya faru jiya da kunnuwansu, amma babu wanda ya ce uffan, kuma wannan shirun ya fi yankan albashin ƙona mini rai.

Tun daga ranar na daina sassauta murya. Duk wanda ya shigo da kwali, wayata nake miƙa masa ya fara da banki. Bankuna suna da lambar rufe asusu daga kowace waya, kamar *901*911# na Access da *966*911# na Zenith. Kada a manta da OPay, PalmPay ko Moniepoint, don yawanci nan kuɗin kasuwa yake. Daga nan a kira 300 daga wani layi na kamfani ɗaya da layin da aka sace a sa su toshe shi, a tafi ofishinsu da NIN a yi walkam bak, wato a karɓi sabon sim mai tsohuwar lambar. Layi na dawowa a sake buɗe WhatsApp, ɓarawon zai fita da kansa, amma kafin nan a sanar da dangi kada kowa ya tura kuɗi don an roƙe shi da sunanka. In wayar ta hau intanet ana iya kulle ta ko a goge ta daga nesa. A kai rahoto caji ofis a karɓi takarda, ko don ranar da za a aikata laifi da layin a zo neman mai shi.

Sauran a taƙaice. Katin ATM ba a ajiye shi a bayan murfin waya. Lambar sirri ba a adana ta cikin sunayen mutane. A danna *#06# tun waya tana hannu a rubuta lambar IMEI da ta fito a takarda. In taswira ta nuna gida, ba kai za ka je ba. In an zare wuƙa, a miƙa wayar. Ku kuma 'yan'uwana yaran shago, wayar da aka kawo babu kwali babu rasit, a kulle, da farashin banza, ku bar ta ta wuce, ko da maigida ya harare ku.

Yanzu na kafa ɗan teburina. Duk wanda ya sayi waya a wurina ba ya tashi sai na sa wa layinsa PIN, wanda in aka kuskure sau 3 sai da PUK, lambar da ke jikin katin da sim ya zo a ciki, zai buɗe. Wasu suna mitar ina ɓata musu lokaci, ina ba su haƙuri in ci gaba da dannawa. Albashina da aka yanke kuwa har yau ban ce na yafe ba.