Zuwa ga Kanawa: me muke kai wa ɗan majalisa?

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida. Ina gaishe ku daga Manchester ta ƙasar Ingila, ya kasuwa, ya iyali?

A nan ɗan majalisa yakan ware rana, galibi Juma'a, ya zauna a mazaɓarsa kowa ya kawo kokensa. Na taɓa zuwa kan rikicin hayar gida, kuma cikin waɗanda muka bi layi tare ban ji mai neman kuɗin suna ko na magani ba. Ba wai 'yan majalisarsu sun fi namu kirki ba ne. Kujerarsa yake tsarewa, don ya san ana bibiyar ɓangaren da ya jefa wa ƙuri'a a zauren majalisa, kuma za a tuna masa ranar zaɓe.

Namu ma kujerar yake so. Sai dai wa yake tsoro? Wanda tikitin takara ke hannunsa: gwamna, ubangidan siyasa da daliget. Ku tuna 2019, yadda majalisar jiha ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Karaye cikin 'yan kwanaki, sannan a 2024 ta rushe dokar da irin wannan saurin. Ashe majalisa tana iya sauri idan mai juya ta yana so. Wannan abu yana ci min rai, domin mu kuma buhun shinkafa muke roƙo a ƙofar gidan Honorabul, shi kuwa ya ɗauka aikin ke nan.

Kano na da 'yan majalisar jiha 40, 'yan majalisar wakilai 24 da sanatoci 3. Doka ta ba mu damar yi musu kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, abu mai wuya. Akwai hanya mafi kusa. Matasa sun matsa lamba har aka sa hannu a 2018 kan gyaran da ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25.

Don Allah 'yan Kantin Kwari, 'yan Singa, masu adaidaita sahu da malaman makaranta, idan an kira zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, ku je a ƙungiyance da buƙata ɗaya a rubuce. Ku nemi wakilinku ya faɗi matsayarsa a rediyo, ku ajiye muryar.

A gaida mutanen Fagge.

Naku,
Wani Bakano a Manchester